Yadda Za Ka Ga Haske a Zanen Dutsen Manneporte na Claude Monet

Kafin ka buɗe hoton, gyara wayarka. Ƙara mata haske, ka kashe tsarin nan na dare da ke mayar da fuskar waya rawaya-rawaya, domin shi kaɗai ya isa ya cinye maka rabin abin da za ka gani. Sannan ka rubuta Monet Manneporte 1883 a wurin bincike, ka ɗauki hoton da ke shafin gidan adana zane-zane na Metropolitan a New York, inda ainihin zanen yake. Kyauta suke bayar da shi, kuma launinsa ya fi na waɗanda ake ta yawo da su a Facebook aminci.

Abin da ke gabanka wani ƙaton dutse ne da teku ta huda, ta yi masa ƙofa. Yana kusa da Étretat, garin masunta a gaɓar Nomandi, arewacin Faransa. Duwatsun wurin na alli ne, farare, kuma ƙofofi irin wannan guda uku ne: Porte d'Amont, Porte d'Aval, da Manneporte wadda ta fi su girma. Monet, mai zane Bafaranshe, ya shafe kusan dukan watan Fabrairun 1883 a can, cikin sanyin hunturu, ya yi zane wajen 20 na gaɓar da duwatsunta. Ba baƙon wannan teku ba ne. An haife shi a Paris a 1840, amma a Le Havre ya tashi, tafiya kaɗan daga Étretat, kuma a Le Havre ɗin ne wani mai zane, Eugène Boudin, ya ja shi waje ya koya masa zane a fili, ƙarƙashin sama.

Na farko, kada ka ƙara girman hoton tukuna. Miƙa hannunka da wayar iya tsawonsa, ka ɗan runtse ido har ƙananan abubuwa su ɓace. Abin da zai saura shi ne ginshiƙin zanen: ɓangaren dutsen da ke cikin inuwa, ɓangaren da rana ta buga, sai ruwa da sama. Ka lura da inda hasken ya fito da inda ya sauka. Can ƙasan ƙofar akwai mutane biyu, 'yan mitsi-mitsi, ɗigon buroshi kawai. Nemo su. Su ne ma'aunin da zai gaya maka girman dutsen, kuma da zarar ka gan su, zanen zai ƙara tsawo a idonka.

Yanzu ka shiga inuwar, domin a nan aikin yake. Ja hoton ka faɗaɗa wurin da ya fi duhu a jikin dutsen. Tambayi kanka: wane launi ne wannan? Bakinka zai yi saurin cewa baƙi ko ruwan toka, saboda haka aka koya mana tun firamare, a zana abu sannan a goga masa baƙin fensir a gefe a ce inuwa. Ƙara dubawa. Za ka tarar da shuɗi, da shunayya, da ɗan kore-kore, kowanne a ajiye da nasa bugun buroshi. Dutsen fari ne a zahiri, amma da ƙyar za ka sami farin fenti zalla a jikinsa. Inda rana ta taɓa, rawaya ne da ruwan hoda da ruwan goro. Inda ba ta kai ba, sama da teku ne ke haska wurin, kuma haskensu shuɗi ne. Wannan ba ado ba ne da mai zane ya ƙirƙira don burgewa. Haka abin yake a duniya, idonmu ne ya saba da wucewa bai tsaya ba.

Sai ka duba iyakar da ke tsakanin biyun, inda ruwan goro ya haɗa kafaɗa da shuɗi. Tun 1839 wani masanin sinadarai Bafaranshe, Chevreul, ya bayyana cewa launi yana sauya kamanni gwargwadon maƙwabcinsa: shuɗi kusa da ruwan lemo yana ƙara masa zafi, shi kuma ya ƙara wa shuɗin zurfi. Masu rini da masu ɗinkin hula sun san wannan da hannunsu, ko ba su taɓa jin sunan mutumin ba. Da wannan Monet ya kunna rana a jikin dutse. Rufe ɓangaren shuɗin da yatsanka ka gani, nan take ɗumin ɗaya ɓangaren zai ragu.

In kana son hujjar da ta fi wannan ƙarfi, ɗauko wani zanensa na tashar jiragen ruwan Le Havre da asuba, na 1872, mai suna Impression, Sunrise, wanda daga sunansa aka laƙaba wa Monet da abokan zanensa suna Impressionists bayan baje kolin 1874 a Paris. Rana ce jawur tana fitowa cikin hazo. Saka hoton a manhajar gyaran hoto ta wayarka, ka zare masa launi gaba ɗaya ya koma baƙi da fari. Ranar za ta kusan ɓacewa cikin sama. Margaret Livingstone, masaniyar yadda ido da ƙwaƙwalwa ke gani a Jami'ar Harvard, ita ta ja hankalin mutane kan wannan: ranar ba ta fi samar da ke kewaye da ita haske ba, launi ne kawai ya raba su. Duk wanda na nuna wa wannan sai ya maimaita da kansa, don bai yarda ba.

Koma kan Manneporte, ka sauka cikin ruwan. Bi hannun mai zanen. A teku, bugun buroshin gajeru ne, masu lanƙwasa, suna hawa kan juna, kore a kan shuɗi, farin kumfa da kauri a sama. A dutse kuwa bugun ya bi shimfiɗar allin. Bai tsaya ya murje fentin ya yi sumul ba, kuma ba gazawa ba ce. Lokaci ne ba shi da shi. Marubuci Guy de Maupassant, wanda ya gan shi yana aiki a Étretat, ya ba da labarin yadda yara ke bin sa ɗauke da allunan zane biyar ko shida na wuri ɗaya, yana ajiye wannan ya ɗauki wancan duk sa'ad da haske ya juya. Ga kuma teku da ke cika ta janye a kan ƙa'idarta. A watan Nuwamban 1885 ya yi kuskuren duba jadawalin cikar ruwan, igiyar ruwa ta maka shi da dutse, ta tafi da kayan aikinsa, ya fito da fenti a gemu. Wannan garajen da ka gani a zanen, daga irin wannan tsere da haske da teku ya samo asali.

Gidan Metropolitan yana da wani Manneporte ɗin na 1886, shi a tsaye yake, na 1883 kuwa a kwance. Jera su ka gwada launin dutsen a nan da can.

Kallo kaɗai ba zai zaunar maka da abin ba, sai ka gwada. Ba ka bukatar teku. Nemi farin bango, ko farar riga a kan igiyar shanya, inda rana ke bugun gefe guda. Huda 'yar ƙaramar kafa a tsakiyar farar takarda, ka riƙe ta nesa da ido, ka leƙa inuwar ta cikin kafar. Dabarar ita ce ka raba launin da abin da ka sani game da shi, domin muddin kana ganin rigar, ƙwaƙwalwarka za ta nace cewa fara ce. Ta cikin kafa za ka ga shuɗi-shuɗi daga sama, kuma in ƙasar wurin ja ce, can gindin inuwar za ka ga ɗan ja-ja da ƙasa ta mayar. Ranar da sama ta washe bayan ruwa ta fi dacewa. A lokacin hazo inuwa takan dushe ta koma ruwan ƙasa, wannan ma darasi ne, amma ba na farko ba.

In kana da fenti, ko na ruwa irin na 'yan makaranta ne, fitar da fari, rawaya, ja, shuɗi da kore. Baƙin ka bar shi a cikin kwali. In kana son duhu, haɗa shuɗi da ja. Yanke takarda uku, ɗaya ta hantsi, ɗaya ta azahar, ɗaya ta la'asar sakaliya, ka rubuta lokacin a bayan kowace. Kada ka wuce rabin awa a kan ko wacce, kuma kada ka gauraya launuka a kan takardar har su zama taɓo, ajiye kowanne kusa da ɗan'uwansa ka bar shi. Da inuwa ta gusa, ɗaga hannu ko da ba ka gama ba. Gobe a daidai wannan lokacin ka dawo da takardar ka ci gaba.