Kurakuran da ake yi wajen ɗora Twisted kan wani lup

Da zarar 'yan ajin ƙarshe a Samaru sun fara furojet, sai ka ji kuka iri ɗaya: "Malam, taga ta buɗe, amma saƙo ya ƙi fita." Ka leƙa fayil, yaro ya kira mainloop() na Tkinter, kayan Python na gina taga, a ƙasa ya rubuta reactor.run() na Twisted, kayan Python na aika saƙo ta hanyar sadarwa, wanda ake kiran lup ɗinsa reactor. Kowannensu lup ne, wato zagayen da ke zaman jiran wani abu ya faru, kuma ba ya sakin zare (thread, layin da manhaja ke gudu a kai) sai an rufe shi. Layin na biyu ko kaiwa gare shi ba a yi ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Bar wa Twisted tuƙi: kira tksupport.install(root), root ita ce babbar tagarka, sannan reactor.run(), ka goge mainloop(). Twisted zai riƙa leƙa tagar duk bayan milisakan 10.

Wanda ya fi cin rai shi ne jerin shigo da kaya (import). In kana son Twisted ya hau kan asyncio, kayan lup da ke zuwa tare da Python, dole asyncioreactor.install() ya rigayi duk layin da ya shigo da reactor, domin shigowar farko kaɗai ta isa ta girka reactor na asali. In ka makara, sai ReactorAlreadyInstalledError. Kuma kar ka rantse min ba ka shigo da shi ba. Wani fayil da ka kira a sama ya shigo maka da shi a ɓoye, ko isort, mai jera layukan import, ya hayo da layin sama lokacin da kake gyara fayil. Haba! Karanta saƙon kuskuren mana kafin ka tura hotonsa guruf. Ni a ganina, a ware ƙaramin fayil na tayar da manhaja: girkawa a farko, sauran kaya a cikin main().

Masu Windows, tun Python 3.8 lup ɗin asali na asyncio Proactor ne, ba shi da add_reader, wanda reactor ke buƙata. Ƙirƙiri asyncio.SelectorEventLoop(), ka sa shi da set_event_loop(), ka miƙa wa install().

Sauran ƙanana ne. time.sleep() yana tsayar da komai, yi amfani da callLater. In za ka kira reactor daga wani zare, callFromThread kawai. Future na asyncio ba Deferred na Twisted ba ne, ko da yake dukkansu alkawarin sakamako ne da zai zo daga baya, juya shi da Deferred.fromFuture. Reactor da ya tsaya kuma ba ya sake tashi, don haka a Jupyter, manhajar gwada Python a burauza, sai ka sake kunna kanel, wato Python ɗin da ke gudu a bayanta.