Kurakuran da masu shirya allon BBS suka fi tafkawa

Kafin intanet ta game duniya, a Amurka mutum kan sa kwamfutarsa ta buga wa wata kwamfutar waya ta modem (na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho), ya karanta saƙonni, ya sauke fayil. BBS ke nan, wato Bulletin Board System, allon sanarwa na kwamfuta. Ward Christensen da Randy Suess ne suka buɗe na farko a Chicago a 1978, kuma har yau masu sha'awa na kafa nasu da manhajar Synchronet ko Mystic, suna maimaita kurakuran magabata.

Babban cikinsu son ado ne. Mai BBS ɗin ya zauna da manhajar zane ta TheDraw ya zana ƙaton dodo mai launi 16, ya kafa shi a ƙofar shiga. To, yi lissafi: layi 24, kowanne harafi 80, haruffa 1,920 ke nan. Modem mai gudun bit 300 a daƙiƙa, harafi 30 kacal yake kawowa a daƙiƙa. Sama da minti ɗaya baƙo na zaune yana kallon dodo na fitowa layi-layi, ba a ma sa lambobin launi a lissafin ba. Ko a gudun 2400 sai an ci daƙiƙa takwas. In daga wani gari yake kira, kuɗin waya na ta hawa, ga wani can yana ta bugowa layi a cike. Zanen ya fito sau ɗaya, a bar maɓallin tsallake shi, tsofaffin baƙi kuma a ba su gajeren jeri mai layi guda.

Sai ɗaukar cewa kowa kwamfutar IBM yake da ita. Mai Commodore 64 harafi 40 ne faɗin allonsa, wanda na'urarsa ba ta gane ANSI (lambobin da ke sa launi da zane a allo) kuwa tarkace zalla zai gani. Tambaye shi tun a bakin ƙofa, ka ajiye jerin rubutu tsura. Ka kuma tsaya a harafi na 79, don na 80 kan tura rubutu layi na gaba, zanen ya wargaje.

Dogon saƙo ya riƙa dakatawa bayan layi 23.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne maɓallin da ke sauya aiki: G sallama ce (Goodbye) a nan, a ɗakin fayiloli kuma wani abu daban. Harafi ɗaya, aiki ɗaya, ko'ina. Tun da ƙarar layin waya kan jefo harafin da ba wanda ya danna, kada a goge saƙo ko a katse kira sai an tambaya: ka tabbata?