Yadda za ka fara kallon tsofaffin fina-finan asibiti na harshen Sifaniyanci

Na fara kallon waɗannan fina-finai ne a watannin da na yi ina jinyar mahaifina, lokacin da barci ya ƙaurace mini. Ba na jin Sifaniyanci ko kaɗan a sannan. Ga hanyar da na bi har suka shiga raina.

Da farko, kada ka nemi wanda aka ɗora wa wata murya. Nemi mai muryar asali da fassara a rubuce a ƙasan allo. Rabin labarin asibiti a cikin murya yake: yadda likita ke sassauta harshe kafin ya faɗi mugun labari, da nishin mara lafiya. In aka canza murya, duk wannan ya tafi.

Fara da Darse cuenta, fim ɗin Ajantina na 1984 wanda Alejandro Doria ya ba da umarninsa. Luis Brandoni ya fito a matsayin likita a asibitin gwamnati na Buenos Aires, wanda ya ƙi fid da rai a kan wani saurayi da ya yi mummunan haɗari, alhali sauran likitoci sun haƙura. Ma'anar sunan fim ɗin ita ce farga, kuma ya fito shekara ɗaya bayan ƙasar ta rabu da mulkin soja. In ka riƙe wannan a zuciya, lalacewar asibitin za ta yi maka wata ma'ana dabam. Kalle shi sau biyu. A karo na biyu ɗauke ido daga fassarar, ka bi nas ɗin da China Zorrilla ta fito a matsayinta. Ni a hannayenta na gane fim ɗin, don irin su na gani suna gyara wa mahaifina matashi da tsakar dare.

Daga nan sai Planta 4ª na Sifaniya, 2003. Yara ne masu cutar kansa, kawunansu a aske, suna yawo a keken guragu cikin dare. Albert Espinosa, mai labarin, shi kansa ya rasa ƙafa ga cutar tun yana yaro, shi ya sa babu neman tausayi a ciki.

Riƙe 'yan kalmomi a takarda: enfermera nas ce, quirófano ɗakin tiyata, urgencias sashen gaggawa, guardia kuwa aikin kwana. Za ka yi ta jin su.

El señor doctor na Meziko, 1965, bar shi sai kunnenka ya saba, domin Cantinflas, ɗan wasan barkwancin da ya fito a matsayin likitan, na zuba magana da sauri har fassara ta kasa kamo shi. Hable con ella na Pedro Almodóvar, mai ba da umarni ɗan Sifaniya, kuma, 2002, akwai abin da ke da nauyi ƙwarai a cikinsa, kada a kunna shi yara na zaune.