Dogon hutu ya zo, yaronki kuma ba ya son ƙwallo, ina za ki kai shi?

Daga ƙarshen watan Yuli zuwa cikin Satumba yara suna gida kusan sati shida zuwa bakwai, ke kuma ofis ko shago ko asibiti ba wanda ya ba ki hutun. Masu yaran da suke son ƙwallo su kam sun huta, da gari ya waye yaro ya zura takalmi sai fili. Matsalar tana wajen mai yaron da ko an jefo mishi ƙwallo sai ya kauce, ko yarinyar da in an ce a fito tsere sai ciwon kai ya tashi.

Kafin ki fara neman wuri, ki zauna da yaron tukunna ki gano dalilin ƙin. Kar ki ce mishi "me ya sa ba ka son wasa" don zai ce miki ba komai, ki lura ne kawai. Wani numfashinsa ne yake sarƙewa in ya yi gudu, asma ce ba a gane ba. Wani ba ya gani sosai daga nesa, ƙwallon sai ta dake shi yake sanin ta iso. Wani kuma tsokana ce ta ishe shi, kullum shi ake sawa gola ana mishi dariya. In kuma mai sikila ne toh wannan kin riga kin sani, gudu cikin rana ba ruwan sha ko dukan ruwan sama na iya tayar mishi da ciwo, ga hutun nan kuma tsakiyar damina yake faɗowa. Wanda nasa na lafiya ne asibiti za a fara zuwa. Wanda kuma haka Allah Ya yi shi, ba ya so kawai, a ƙyale shi don Allah, a daina ce mishi rago.

Sai ki duba me yake yi in an bar shi shi kaɗai ba waya a hannu. Akwai mai kwance rediyo da tocila, akwai mai zane a bayan littafi, akwai wadda kullum tana kicin tana tambayar me aka sa a miya. Wannan shi zai nuna miki ƙofar da za ki ƙwanƙwasa.

Yanzu maganar lesin ɗin hutu da makarantun kuɗi suke buɗewa. Takardar tallarsu duk iri ɗaya ce, kwamfuta, zane, girki, karatu, amma ki je da ƙafarki ki ce a nuna miki jadawalin yini guda daga safe har tashi. Wasu wuraren awa biyu ake yi a aji, sauran lokacin a kora yara fili da ƙwallo ɗaya malamai su zauna inuwa, kin ga kin biya kuɗi kin kai shi inda yake gudu ke nan. Ki tambaya kai tsaye, "Malam yaron da ba ya shiga wasa ina yake zama, wa yake tare da shi?" In aka fara miki kame-kame ki ɗauki jakarki. In sun ce suna koyar da kwamfuta ki ƙirga kwamfutocin da idonki ki tambayi yadda suke yi in an ɗauke wuta. Wurin da ya san abin da yake yi yawanci da Scratch yake fara wa yara, manhaja ce ta kyauta ta koyon haɗa ƙananan wasanni da labarai a kwamfuta da jami'ar MIT ta Amurka ta yi don 'yan shekara 8 zuwa 16, kuma tana aiki ko ba intanet.

Ni dai a ganina ga yaron da ya haura shekara 10 koyon sana'a ya fi lesin nesa ba kusa ba. Tela na unguwa, mai gyaran waya, mai saƙa, mai kitso da lalle, mai yin kek da cincin a gida. Amma a nan mutum za ki zaɓa kafin sana'a. Wanda kika sani, maƙwabta suka shaide shi, shagonsa a buɗe yake jama'a na wucewa. Baban yara ya je da kansa su yi magana a fili: ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, ba aike zuwa kasuwa, ba duka, wa zai zo ɗauka. Maganar aiken nan ki riƙe ta da kyau, don yara da yawa sukan gama hutu ba su taɓa keken ɗinki ba sai siyo zare da kai wa oga abinci. Yarinya kuma wajen mace, cikin gida, ki san su waye suke shiga gidan.

Islamiyya da tahfiz suna cike wani ɓangare, da yawa suna ƙara zaman safe lokacin hutu. Sai dai ki tuna Alhamis da Juma'a yawanci ba karatu, ke kuma ranakun aiki ne a wajenki, don haka kwana biyun nan su za ki fara yi wa tanadi.

A nan haɗin gwiwa yake amfani. Ku samu ku uku ko huɗu a layi ko a wajen aiki ku raba ranaku, wadda take gida ranar ta riƙe yaran duka, kowa ta aiko da abincin ɗanta kar a ɗora wa mutum ɗaya. Ludo, dara, littattafan labarai da fenti sun isa su cinye yini. In kuna Kano wata ranar a ɗauki adaidaita a kai su Gidan Makama su ga kayan tarihi, ko marinar Ƙofar Mata su ga yadda ake rini da baba, ko Laburaren Murtala Muhammad. 'Yan Kaduna ga gidan tarihi na Arewa House nan. Ki leƙa ko ki kira kafin ranar ki ji lokacin buɗewa da kuɗin shiga.

Tura yaro wajen kaka ko goggo kuwa yana da daɗi, amma ki yi wa Hajiya bayanin halinsa, kar 'yan uwansa su fice fili a bar shi da talabijin har magariba. Ki haɗa mishi gidan sauro da maganinsa in yana sha, ki ja kunne sosai a kan kududdufi da rafi, kar a zuga shi ya shiga bai iya iyo ba.

Duk inda kika zaɓa kar ki biya kuɗin hutun gaba ɗaya, ki ce sati ɗaya za ku gwada. Ranar uku ko huɗu ki faɗo musu ba sanarwa wajen ƙarfe sha biyu ki ga inda yake zaune da abin da ke hannunsa, sannan ki yanke ko za ki cika sauran kuɗin.