Babi na 7: Farfaɗo da Tsohon Injin Wasa Fuskar Ƙarfe

Darasi na 1: Kafin a kunna

Kun samu injin na hannu. Kada ku kunna shi tukuna. Ku zare wayarsa daga wuta, sannan ku tsaya gabansa ku gane sassansa. A sama akwai dutsen da ke juyawa yana cin ƙarfe. Ƙarƙashinsa akwai farantin maganaɗisu mai riƙe aiki. Farantin yana kan tebur, teburin kuma yana zamewa hagu da dama a kan hanyoyinsa. A injuna da yawa hanyoyin biyu ne: ɗaya shimfiɗaɗɗiya, ɗaya mai kwari kamar harafin V. Lafiyar injin a nan take. Fenti ba ya wasa ƙarfe, don haka kada sabon fenti ya ruɗe ku.

A ƙananan injuna nauyin tebur ne ke riƙe shi a wurinsa. Ku kwance bel ko wayar da ke jan sa, mutum biyu ko uku su ɗaga shi sama tsaye, ban da jan sa gefe. A aje shi a kife bisa katako.

Darasi na 2: Gogewa

Nan ne mafi yawan ɗalibai ke tuntuɓe, ba don wuya ba, sai don gaggawa. Ƙurar dutse idan ta haɗu da mai, ita ce ke cinye hanyoyin a hankali, kuma ita ce ke ɓata awo. Ƙwaya ɗaya ta isa ta ɗaga sandar gwaji, wato miƙaƙƙen ƙarfen da ake ɗorawa kan hanya a duba lafiyarta, ta nuna muku rami a inda babu rami.

Ku jiƙa tsumma da kananzir ku goge hanyar daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ku yar da tsumman. Ku ɗauki sabo, fari, ku sake gogewa. Ku dube shi. Da baƙi a jikinsa? To ba ku gama ba, ku sake. Idan tsumma ya fito fari, ku shafa hanyar da tafin hannu, domin hannu yana jin ƙwayar da ido bai gani ba. Kun ji tsaki-tsaki? Ku sake gogewa. Ba abin kunya ba ne mutum ya maimaita, kowa da haka ya koya.

Ku bi ramukan mai da 'yar waya ku fito da daskararren datti. Ku danna famfon mai ku tabbatar mai ya ɓullo ta kowane rami. Ramin da bai kawo mai ba, wurin nan ya daɗe yana aiki a bushe. Bayan haka kuma, a goge, don dattin ramukan ya sake zubowa kan hanya.

Darasi na 3: Duba cinyewar hanyoyi

Ku fara da ido. Yawancin hanyoyi suna da ƙananan zane-zane na kankara, wato sawun da aka bari lokacin da aka kankare fuskar ƙarfen don daidaita ta, waɗanda ke riƙe mai. Inda zanen yake fili, ƙarfen bai ci sosai ba. Inda ya shafe ya zama sumul yana ƙyalli, ya ci. Galibi tsakiya ce ke shafewa, saboda yawancin aiki gajere ne, tebur a tsakiya yake ta kai da komo. Idan farce ya maƙale a wani dogon karce, datti ya taɓa shiga can.

Yanzu sandar gwaji, wato miƙaƙƙen ƙarfen da aka tabbatar ba shi da lanƙwasa. Ku goge ta. Ku goge hanyar. E, kuma dai. Ku shafa wa sandar shuɗin gwaji, wato shuɗin launin da ke nuna inda ƙarfe ya taɓa ƙarfe, siriri sosai, har ana hango ƙarfen ta cikinsa. Ku ɗora ta a hankali, ku tura gaba da baya kamar santimita 2, ban da dannawa. Ku ɗaga. Inda shuɗi ya kama, tudu ne. Inda bai kama ba, rami ne. Shuɗi a ƙarshe biyu, tsakiya fayau, yana nufin tsakiyar ta ci. Don sanin zurfin, ku zura ganyen awo, wato siraran fallayen ƙarfe masu sanannen kauri, ƙarƙashin sandar, ku fara da na milimita 0.02.

Wasu za su kawo mini hanya shuɗiya kaf su ce lafiya lau take. Haba jama'a! Shuɗin kuka lafta da yawa, ya cike ramin. Wasu kuma sun tsallake gogewa, ƙwayar dutse ta karce sandar gwajin kanta. Na faɗa, na maimaita: wanda bai goge ba, bai auna komai ba.

Darasi na 4: Agogon awo

Agogon awo na'ura ce mai allura da harshe, harshen yana taɓa ƙarfe, allurar tana nuna hawa da saukarsa. A agogon da muke amfani da shi, layi ɗaya milimita 0.01 ne, layi 100 milimita ɗaya. Gashin kai ya fi layi ɗaya kauri sau da yawa. Ku zuba man hanya mai lamba 68, ku mayar da tebur, ku daidaita injin da lebur. Ku kafa agogon kusa da dutse, harshensa bisa faranti, ku tura tebur a hankali kuna rubuta abin da allura ta nuna.

Ku lura: allura za ta iya tsayawa cik alhali hanyoyin sun ci, domin a kansu aka wasa farantin, ya ɗauki karkatarsu. Shi ya sa sandar gwaji ta zo gaba.

Darasi na 5: Dutse

Ku cire dutsen daga injin, ku rataye shi a yatsa ku ƙwanƙwasa da icce. Ƙara mai zaƙi, lafiya. Ƙara a dushe, ya tsage, a yar. Gudun injin kada ya wuce wanda aka rubuta a jikin dutsen. Idan kun kunna, ku tsaya gefe minti ɗaya.

Darasi na 6: Gwajin ƙarfe biyar

Guntaye biyar: huɗu a kusurwoyin faranti, ɗaya a tsakiya. A goge farantin. A wasa su tare, a auna kaurin kowane da maikromita, wato ma'aunin kauri, a rubuta bambancin. Idan ya fi abin da aikinku zai ɗauka, sai a kai hanyoyin wurin gwanin kankara.