Kafin ki miƙa mata makullin gida: neman mai shara da goge-goge a Ingila

Ran Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, muna zaune a tsakar gidanmu na Tudun Wada ana ƙulle-ƙullen kayan ƙanwata. Ta daɗe tana aikin jinya a asibitin koyarwa na Shika, yanzu Allah ya yi ta samu aiki a Ingila, inda ni na riga ta zuwa da 'yan shekaru. Gwaggo tana ɗaure kuka da busasshiyar kuɓewa a leda, sai ta ɗago kai ta dube ni.

"To ke da kika san can, wa zai riƙa kama mata aikin gida? Ga aikin dare ga yara biyu. Ko mu nemo mata yarinya daga Giwa ta tafi da ita?"

Na ce, "Gwaggo, Allah ya bar mana ke, can ba a haka."

Abin da na faɗa musu a ranar shi zan faɗaɗa a nan, domin duk shekara ana tashi daga Samaru da Kongo da Shika ana tafiya, likitoci da malaman jinya da masu ƙarin karatu, kuma kusan kowa da wannan tunanin na Gwaggo yake sauka daga jirgi.

A Zariya ba a neman amana a takarda. Yarinyar da za ta zo aiki gidanki, wata tsohuwa ce da kuka sani ta kawo ta, an san ƙauyensu, an san gidan ubanta. Almajirin da ke miki shara da wanke-wanke, kin san malaminsa, kin san zauren da yake kwana. In wani abu ya faru akwai inda za a je a zauna, akwai dattijon da zai ce a yi haƙuri ko a biya. A Mancesta ko Bamingham babu wannan zauren. Matar da za ta shigo ɗakin kwananki ba ki san ko 'yar gidan wa ce ba, ita ma ba ta san ki ba. Abin da ya maye gurbin tsohuwa da malami da mai unguwa shi ne takardu da yarjejeniya bayyananniya, kuma wanda ya raina su shi ke shan wuya.

Batun ɗauko yarinya daga gida, a bar shi kwata-kwata. Ingila tana da dokar hana bautar zamani ta 2015, hukuncinta kan kai ɗaurin rai-da-rai. A kawo yarinya da sunan 'yar'uwa, a riƙe mata fasfo, tana aiki dare da rana babu albashi sai ci da sha, wannan shi ne ainihin abin da dokar take farauta. Da ita aka ɗaure tsohon mataimakin shugaban Majalisar Dattawa, Ike Ekweremadu, a 2023, ko da yake shari'arsa ta dashen ƙoda ce ba ta aikin gida ba. Na ambace shi ne don a gane cewa muƙami ba ya ceton kowa a can.

Sannan kada ki ji kunyar neman taimako. Akwai matanmu da ke ganin gazawa ce mace ta biya a share mata gida. Wadda ta yi awa goma sha biyu a tsaye a kan marasa lafiya, ta dawo da asuba ta shirya yara makaranta, ba ragwanci ba ne ta ce awa biyu ko uku duk bayan mako biyu wata ta kama mata banɗaki da kicin.

Hanya biyu ce. Ko ki bi ta kamfani su turo miki ma'aikaciya, ko ki samu mai zaman kanta ku daidaita kai tsaye. Kamfani ya fi tsada, amma in mai zuwa ba ta da lafiya za su turo wata, in kuma an yi ɓarna akwai ofishin da za ki kira. Mai zaman kanta ta fi sauƙi, kuma fuska ɗaya ce kullum, za ta san gidanki kamar nata. Ni shawarata ga sabuwar zuwa ita ce ta fara da kamfani, ko da na wata uku ne, har idonta ya buɗe. A abin da na gani, kuɗin awa kan kama daga fam 15 zuwa 25, Landan ta fi ko'ina tsada. Mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka wa mai shekara 21 zuwa sama, a Afrilun 2025, ya kai fam 12.21 a awa. Don haka in kika ga kamfani yana tallan fam 9 ko 10, ki tambayi kanki nawa ke shiga hannun matar da ke durƙushe tana goge miki ƙasa. Araha ba ta ado, wani lokacin ma haƙƙin wani ne a cikinta.

Wurin nema, ki fara da mutane kafin intanet: abokiyar aikinki da ta daɗe a garin, matan masallaci, maƙwabciyarki Baturiya in kuna gaisawa. Tambayar da ta fi amfani ba "tana da kirki?" ba ce. Ki ce, shekara nawa tana zuwa gidanki, kuma kin taɓa barin ta ita kaɗai? Bayan haka ki koma ga bincike. Kamfani mai rajista za ki same shi kyauta a shafin Companies House, da ranar da aka kafa shi da sunayen daraktocinsa. A Trustpilot, shafin da mutane ke rubuta ra'ayinsu kan kamfanoni, ko Google kada ki tsaya ga yabo, ki nemo ƙorafe-ƙorafen ki karanta yadda kamfanin ya amsa su. Wanda ke zagin mai ƙorafi a bainar jama'a, haka zai yi miki ranar da taki ta zo.

Takarda biyu za ki nema a nuna miki, kuma ki nema ba tare da jin nauyi ba, don su a wurinsu ba cin fuska ba ne. Ta farko shaidar DBS, hukumar da ke duba ko mutum na da tarihin laifi. Kowa na iya nemo tasa ta matakin farko. Ki duba kwanan watan da ke jikinta, domin abin da aka sani zuwa ranar kawai take nunawa. Ta biyu inshorar da ke biyan diyya in ma'aikaciya ta lalata kaya ko ta jawo rauni. Ki tuna gidan ba naki ba ne, na haya ne. In aka zuba maganin da ya cinye kafet, ke mai gidan zai kama.

Akwai wani wuri da nake son mu ji tsoron Allah mu kuma yi hankali. A zaurukan WhatsApp na 'yan Najeriya kullum za ki ga ɗalibai suna neman aikin shara a biya su hannu da hannu. Tausayi zai kama ki, musamman in kika ji Bahaushiya ce, wataƙila ma 'yar Gyallesu ko Hanwa. Amma bizar karatu awa 20 a mako ta yarda a yi aiki lokacin zangon karatu, kuma ta hana sana'ar ƙashin kai gaba ɗaya. Shiga gidaje ana shara ana karɓar kuɗi a hannu sana'ar ƙashin kai ce, tana iya jawo mata asarar bizarta. Wanda kuma ya ɗauki marar izinin aiki a matsayin ma'aikacinsa, tun Fabrairun 2024 tararsa kan kai fam 45,000 a karon farko. In kina son taimaka mata, ki nuna mata kamfanin da zai ɗauke ta bisa ƙa'ida, ki kira ta cin tuwo ran Lahadi. Ke kuma ko da wa kika daidaita, ki riƙa biya ta banki don ya zama akwai shaida.

Ranar farko ki kasance a gida. Wannan ranar ta fi duk takardun nan muhimmanci a wurina, domin gidan Bahaushe yana da abubuwan da babu kamfanin da ya koya wa ma'aikatansa. Matar da ta fara zuwa gidana, mutuniyar kirki 'yar ƙasar Romaniya, na bar ta a kicin na shiga sallah. Ina fitowa na tarar ta goge durowa fes, ta kuma ɗauke ƙullin daddawar da mahaifiyata ta saya mini a kasuwar Sabon Gari ta jefa a shara. Ta ji warin ta ɗauka abinci ne ya lalace. Da na yi mata bayani sai da idonta ya ciko, tana ta ba ni haƙuri. Tun daga ranar nake zagayawa da duk wadda ta zo ɗaki-ɗaki. Ga daddawa, ga busasshen kifi, ga man shanu, ba a taɓa su. Ga Alƙur'ani a saman kanta, ki bar mini wannan wurin ni zan goge. Ga buta a banɗaki, a nan take zama, ba ta ban-ruwan fulawa ba ce. A kan wannan kafet muke sallah, don haka ba a hawa da takalmin waje; da yawansu suna da takalmin aiki na cikin gida ko ledar da ake sa wa takalmi, in kin faɗa za su zo da shi.

Kayan aiki ma ni nawa nake bayarwa. Gidajen Turawa da yawa akwai karnuka, kuma injin zuƙe ƙura da tsumman da suka fito daga can ba na son su hau inda nake sa goshina. Na sayi nawa injin, da tsumma kala biyu, na banɗaki daban na kicin daban. In kuma mace kike so a turo miki, ki faɗa tun ranar da kika kira, kada ki bari sai kin buɗe ƙofa kin ga namiji tsaye da bokiti maigida ba ya nan. Wani abin kula kuma: ruwan Landan da kudancin Ingila yana barin farin tabo mai tauri a famfo da tukunyar shayi, ana cire shi da binega ko magani mai tsami. Kada a kuskura a haɗa waɗannan da bilic irin Hypo ko Jik da muka saba, hayaƙin da ke tashi guba ne, ga banɗakunan can ƙanana, wasu ko taga babu.

Ki rubuta abin da kike so a yi, ki jera na gaba-gaba, don awa biyu ba ta isa komai da komai. Ita ba 'yar aiki ba ce irin yadda muka saba. Ba ta raino, ba ta zuwa aike, wanke-wanke da guga ma sai an yi maganarsu tun farko, wankin oben da tagogi kuwa yawanci kuɗinsu daban. Lokacinta na cika za ta ɗauki jakarta, wani gidan na jiranta. Ki kira ta da sunanta, ki yi mata tayin shayi, ki hana yara aiken ta. In za ki soke zuwanta ki sanar da wuri, da yawan kamfanoni suna cajin wanda ya soke a ƙurarren lokaci.

Makulli kuwa sai an gwada akan san na ƙwarai. Ni sai da muka yi wata uku kafin na bayar, kuma ban maƙala masa adireshi ba. In kamfani ne ki tambayi yadda suke ajiye makullai da wanda zai biya canjin kwaɗo in ya ɓace. Sarƙoƙin gwal na lefe, fasfo, takardun banki, ki kulle su. Wannan kariya ce gare ki, kariya ce gare ta. Na san gidan da ɗankunne ya ɓace aka yi ta kallon mai shara da wani ido har ta daina zuwa, bayan wata biyu aka tsince shi a aljihun jaka. Zato zunubi ne, kuma baƙuwa marar kowa ba ta da bakin kare kanta.

Wurin da na fi ganin mutanenmu suna asara shi ne babbar sharar tashi daga gidan haya. Lokacin kama gida za ki ba da kuɗin ajiya, wanda a Ingila dokar 2019 ta taƙaita shi ga kuɗin hayar mako biyar a yawancin gidaje, kuma dole mai gidan ya sa shi cikin ɗaya daga tsare-tsare uku da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30. Dokar ta hana a tilasta miki biyan kamfanin shara, amma wajibi ne ki mayar da gidan da tsabtar da kika same shi, in ba haka ba a yanka daga kuɗinki. Ni a gidana na farko wasu na samu a Facebook, na biya a hannu, babu rasit. Sun share ko'ina da kyau a ido, amma ba su taɓa cikin oben ba, ba su wanke ragar da ke zuƙe hayaƙi a saman murhu ba, inda maiƙon suyar shekara biyu ya daskare, ga tabon manja a bangon kicin. Ejan, wato dillalin gidan, ya ɗauki hotuna ya yanki kuɗi. Na kira lambarsu har na gaji.

Don haka ranar da kika shiga gida, kafin ki buɗe akwati ko ɗaya, ki ɗauki hoton komai: cikin oben, bayan ƙofa, kusurwar banɗaki, duk wani tabo a kafet. Ki karanta takardar lissafin kaya da yanayin gidan da ejan zai ba ki, ki gyara abin da ba daidai ba kafin ki sa hannu. Ranar tashi ki nemi kamfanin da zai ba ki rasit, ya kuma rubuta cewa zai dawo kyauta in ejan ya yi ƙorafi cikin 'yan kwanaki. In duk da haka aka yanke miki abin da ba ki yarda ba, tsarin da ke riƙe da kuɗin yana da masu sasanci kyauta, kuma hotunan nan su ne shaidunki.

Ƙanwata duk ta rubuta wannan a bayan wata tsohuwar takardar aiki ta Shika, ta ninke ta sa cikin fasfonta. Gwaggo dai ba ta ce komai ba sai da aka kira magariba. Ta miƙe ta ɗauki buta, ta ce a ƙara wa daddawar leda biyu, a kuma rubuta sunanta da Turanci a jiki.