Yadda ake yi wa kaji shimfiɗa mai kauri a akurki, a huta da sharar kashi kullum

To jama'a, masu kiwon kaji a cikin gida, wannan naku ne. Ni da kullum safiya sai an share ɗakin kaji, yara suna tura wa juna tsintsiya, kuma duk da haka idan damina ta shigo wari sai ya kai har zaure. Tun da na koma shimfiɗa mai kauri, sau biyu kawai nake kwashe ɗakin a shekara. Ana zuba busasshen abu mai yawa a ƙasa, kaji su yi kashi a kai, su tona su juya da ƙafarsu, ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su riƙa cinye kashin a hankali har ya zama taki. Kashin kaza yana da sinadarin naitirojin da yawa, shi ke fitar da warin nan mai hawa ido da ake kira amoniya, busasshen abin kuma shi ke shanye shi. Ruwa ne kawai ke ɓata lamarin.

Kafin ka sayi ko buhu ɗaya, fara duba ɗakin. Idan tol ɗinka na yoyo gyara shi tukuna, idan kuma ƙasan ɗakin ta fi tsakar gida zurfi to ciko za ka yi ya ɗaga, don ruwan Agusta na Garwa ba ya sallama. Daɓen ƙasa ya yi, siminti ma ya yi, amma ni na fi son ƙasa. A bakin ƙofa ka gicciya katako ko ka jera bulo layi ɗaya ko biyu, kamar santimita 30, in ba haka ba duk buɗe ƙofa sai shimfiɗar ta biyo ka waje. Sannan iska: sama da rabin bango ya zama ragar waya, giriyaj ɗin nan, ba ɗaki rufe ruf kamar rumbu ba.

Sai abin da za a zuba. Wanda ya fi shi ne ɓawon katako na wurin kafintoci, mai murɗe-murɗen nan da injin goge katako ke fitarwa, ba garin zarto mai laushi ba, don garin yana ƙura kuma 'yan tsaki suna ɗauka abinci ne su cika ciki da shi. Mutanen Yagwa da Maga ku Allah ya hutar da ku, buntun shinkafa ga shi nan tuli a wurin injin casa, kuma yana da kyau sosai don ba ya dunƙulewa da wuri. Ƙaiƙayin gero, karan dawa ko na masakwa da aka daddatsa ƙanana, busasshen ganyen darbejiya, duk suna shiga, kana iya haɗa su ma. Ɓawon gyaɗa kuwa sai da lura, idan ya taɓa jiƙewa yana yin funfuna, kuma funfunar nan tana kama huhun 'yan tsaki ta kashe su. Ka shinshina buhun tun a wurin saye, in ka ji warin ruma bar musu kayansu ko da kyauta ne.

Ranar farawa ka share ɗakin tas, ka barbaɗa toka ko farar ƙasa kaɗan a daɓen, sai ka baza shimfiɗar kaurin santimita 10 zuwa 15, wato idan ka soka hannu yatsu su nutse har tafi. Kada ka yi rowa a nan, siririyar shimfiɗa cikin sati ɗaya za ta zama taɓo. Yawan kajin ma da lissafi: manyan kaji 3 ko 4 a kowace murabba'in mita, ɗaki mai mita 2 da mita 3 ke nan kaji 18 zuwa 24. In ka cusa 50 babu buntun da zai iya da su.

Mazubin ruwa shi ne babban ɓarawo. Ɗora shi a kan bulo ko ka rataye shi daidai tsayin gadon bayan kaza, kuma duk inda ka ga ya jiƙe a gindinsa kwashe wurin da felu ka zuba sabo a ranar, kada ka ce sai gobe.

Juyawa kuma kajin ne ma'aikatanka. Da yamma ka watsa musu tafi ɗaya na gero ko tsakin masara a kan shimfiɗar, za ka ga yadda suke haƙa kamar an biya su. Amma ƙarƙashin sandar da suke kwana a kai nan kashi ya fi taruwa ya yi ɓawo mai tauri, wannan kai ne da manjagara, sau ɗaya ko biyu a sati. Duk lokacin da ka ga kashi ya fara fin shimfiɗa yawa a ido, ƙara sabuwa a sama, kaɗan kaɗan, har kaurin ya kai santimita 25 zuwa 30 cikin watanni.

Yadda za ka gane ko tana lafiya, hannu da hanci ne. Damƙi ɗaya ka matse. Idan ta haɗu sannan ta warware da ka buɗe hannu, daidai take. Idan ta tsaya dunƙule kamar curin fura, ruwa ya yi yawa, ƙara busasshe ka juya. Idan ko haɗuwa ba ta yi sai ƙura, ta bushe da yawa. Sannan ka durƙusa ka kai hanci daidai tsayin kaza, don kai kana tsaye ba za ka ji abin da take shaƙa ba. Ƙamshin ƙasa ake so. In ya hau maka ido, su ya riga ya fara ƙona musu ido da maƙogwaro.

Inda namu ya bambanta da na Turawa shi ne su don ɗumi suke yi, shimfiɗar in tana ruɓewa zafi take fitarwa. Mu a hunturu, Disamba da Janairu, wannan ɗumin alheri ne, sai dai iskar tana busar da ita ƙayau, sai ka ɗan yayyafa ruwa da hannu kamar mai yayyafi kafin shara, ba kwarara ba. Amma Maris zuwa Mayu da Garwa da Marwa da Njamena ke wuce digiri 40, wallahi kada ka bar santimita 30 a ƙarƙashin kaji. Shi ya sa nake kwashewa ƙarshen Fabrairu in bar musu mara kauri, sai kuma kwasa ta biyu bayan damina wajen Oktoba. Filin da suke yawo a waje ma haka, in babu rumfa ko bash a sama kada ka zuba mai kauri da damina, yashi ya fi, da rani sai ka mayar da kara da ganye. Gara za ta shigo in daɓen ƙasa ne, bar ta, nama ne ga kaji, ginshiƙan katako kawai za ka riƙa dubawa.

Wajen kwasa, ka rage kamar kashi ɗaya cikin biyar na tsohuwar ka gauraya da sabuwa, kamar yadda ake barin tsamin nono a ƙwarya. Amma fa in kajin lafiya lau suke. Idan an yi kashin jini, ko ciwon nan na Niyukasal mai murɗe wuya ya ratsa gidan, kwashe duka ka ƙone ko ka binne, ka wanke ɗakin ya sha iska sati biyu. Shimfiɗa ba ta maye rigakafi, ga LANAVET nan, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa, a Bokle kusa da Garwa suna yin maganin rigakafin, ka tambayi likitan dabbobi na kusa da kai.

Abin da ka kwashe kada ka kai gindin shuka kai tsaye, yana ƙona saiwa. Tara shi a inuwa, ka jiƙa, ka rufe da tsofaffin buhuna, ka juya duk sati biyu har wata biyu ko uku, sai ya yi baƙi ya daina zafi. Na Oktoban bara wani mai lambun albasa a bakin Binuwai ne ya turo pus-pus ya kwashe, na Fabrairu kuma maman yara ta riga ta ce na kuɓewarta ne da yakuwa.